Wa ya taɓa hawa dutse mai aman wuta don ganin fitowar rana?

Amaryar Bana: Assalamu alaikum. Ni da maigidana za mu je hutu Indonesiya a watan Yuli, ya kafe sai mun hau Dutsen Batur da ke tsibirin Bali mun ga fitowar rana. Ni kuwa bene hawa uku ma sai na tsaya na huta. Waɗanda suka taɓa zuwa, don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Baban Biyu: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, za ki iya. Tsayinsa mita 1,717 ne, amma mota ke cinye mafi yawan tafiyar. Ƙarfe biyu na dare aka ɗauke mu daga garin Ubud, wajen huɗu muka fara taka ƙasa da tocila, bayan awa biyu muna sama. Farkon hanya lafiya lau, har da hira. Can gaba ne kowa ya yi tsit, don baƙin yashi ne da tsakuwa, ka taka uku ka zame ɗaya. Da gari ya fara wayewa sai ga Dutsen Agung a gabanmu, tafkin Batur a ƙasa, can nesa kuma Rinjani na tsibirin Lombok. Jagoranmu ya tura ƙwai cikin wani rami da ke fitar da tururi, ya ciro su a dafe. A nan na tuna cewa abin da muke zaune a kansa bai mutu ba, a 2000 ya yi amansa na ƙarshe. Ki kula da birai, ɗaya ya fizge mini ayaba a hannu ko kunya babu.

Hajiya Babba: 'Yata, hawan kowa ke tsoro, amma saukowa ce ta ba ni kashi. Gwiwoyina sun kwana uku suna ƙorafi. Ki nemi takalmi mai kama ƙasa, in an miƙo miki sanda kar ki ji kunyar karɓa. Sannan rigar sanyi. Na ce ai Bali zafi ne, na tafi da mayafi kawai, gumi ya jiƙa ni a hanya, iskar saman ta same ni a zaune ina jiran rana, haƙorana har kaɗawa suke.

Matafiyi: Ni a Janairu na je, tsakiyar daminarsu. Hazo kawai na gani, fari fat, na biya kuɗi na sha wahala na dawo da hoton girgije. Yuli rani ne a can, kun dace.

Ɗan Ƙwalisa: Ku bar Batur ku tsallaka Dutsen Ijen a gabashin tsibirin Java. Can ne ake ganin shuɗiyar wuta, iskar farar wuta ce ke ci a cikin ramin bakin dutsen, kuma sai da duhu take bayyana, shi ya sa ake tashi tun tsakar dare. Dole sai da takunkumin hayaƙi. Da iska ta juyo kaina idona ya yi ta zubar da ruwa, na durƙusa ina tari. Ina nan durƙushe wani dattijo ya wuce ni da kwanduna biyu a sandar gora, cike da farar wutar da ya fasa a ƙasan ramin, nauyin ya kai kilo 70. Na ga kanta a kafaɗarsa. Tun daga nan ban sake cewa na gaji ba har muka sauko.

Hajiya Babba: Kai yaro, wadda bene ke sa haki ita za ka tura cikin hayaƙi?

Amaryar Bana: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Batur ɗin dai za mu je. Na karanta wa maigida zancen Ijen, ya ce shi ma ƙirjinsa ba ya son hayaƙi. Hajiya, sandar a ƙasan dutsen ake samu ko in taho da tawa?