Kare Ɗan Gida Ne Ko Mai Gadin Gida?

Anti Babba: Jama'a ku raba mu gardama. Ƙanwata tana da wani kare, shekararsa uku. Yana da katifarsa, da rigar sanyi, har bikin ranar haihuwa ta yi masa, tana ce masa "autana". Na ce mata wannan ya wuce tausayi, ya zama shirme. Ta ce kare ɗan gida ne kamar kowa.

Kawu: An ce da kare ana biki a gidanku, ya ce mu gani a ƙasa. Shi bai san wata ranar haihuwa ba, ƙashin ya sani. Kanta ta yi wa bikin.

Maman Biyu: Haba Kawu. Ka san labarin Hachiko, wani kare na Japan? Ubangidansa ya rasu a 1925, amma kullum sai ya je tashar jirgin ƙasa ta Shibuya yana jiransa, har ya mutu a 1935. Ɗan uwa nawa ne zai yi maka wannan jiran?

Kawu: Biyayya ce, na yarda. Amma biyayya ba ta sa a ci gado.

Ɗan Boko: Ai an ci! A 2007 attajirar Amurka Leona Helmsley ta bar wa karenta dala miliyan 12, ta hana jikokinta biyu ko sisi. Sai da alƙali ya rage ya koma miliyan 2.

Malam: Ku bi a hankali, abubuwa biyu kuke cakuɗawa. Kyautata wa kare ibada ce: ya zo a Bukhari cewa Allah ya gafarta wa mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. As'habul Kahfi ma da karensu, amma ku lura inda ayar ta ajiye shi: a bakin kogo, ya miƙe ƙafafunsa na gaba. Sannan hadisi ya ce wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko gona ba, ladarsa na raguwa kullum. Batun najasa kuwa malamai sun saɓa, Malikiyya ba su ɗauke shi najasa ba, Shafi'iyya sun ɗauka.

Maman Biyu: Allah ya gafarta Malam, wanda ba shi da kowa fa? Akwai tsofaffin da motsin karen nan kaɗai suke ji a gida.

Likitan Dabbobi: Ni abin da nake gani a wurin aiki ya fi damuna. Karen da aka shagwaɓa shi ya fi zuwa min da ciwo. Za a kawo shi ya yi ƙiba, ka shafa gefensa ba ka jin haƙarƙari, taku kaɗan ya zauna yana haki. Ana ba shi cakulan don so, alhali guba ce a gare shi, haka albasa da inabi. Ana sa masa riga a lokacin zafi, shi kuwa da haki yake fitar da zafin jikinsa. Wanda aka saba ɗauka kamar jariri, ranar da aka bar shi shi kaɗai sai ya yi ta kuka yana yayyaga kujeru. In ka tambayi katin rigakafi, a fara kame-kame. Ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara a duniya, amma an sayi riga an manta allura.

Ƙanwar Anti: Ashe ni aka sa a faifai. Yaya, lokacin da na kwanta jinya sati biyu, wa ya kwana a ƙofar ɗakina? Ko abinci bai ci sosai ba. Ke sau biyu kika leƙo.

Anti Babba: Ni ina da aiki, shi ba shi da.

Ƙanwar Anti: Likita, cakulan ɗin na daina daga yau, wallahi ban sani ba. Allurarsa kuwa ba ta taɓa wucewa ba. Amma "auta" yana nan, Kawu sai dai ka yi haƙuri.

Likitan Dabbobi: Kira shi duk abin da kika ga dama, Hajiya. Ki dai cire masa rigar, ki kai shi a auna nauyinsa.