Shawarwarin Manoma Kan Hazon Hunturu

A tattaunawar da manoma suka yi a wani ƙauye na ƙasar Kano, an fi tsayawa kan hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga Sahara tsakanin Disamba da Fabrairu. Dattawa sun ba da shawarar a riƙa rufe hanci da rawani lokacin sussukar dawa, domin ƙura da ƙaiƙayi idan suka haɗu sukan tayar wa mai asma ciwonsa. An kuma ja kunnen masu kwana da garwashi a ɗaki rufe saboda sanyi, abin da a ganina ya fi hazon haɗari. Mata sun ƙara da cewa a riƙa shafa wa yara man kaɗanya saboda kaushi.