Zangon Watford Gap: a rushe ko a bari?

Injiniya: Jama'a, tun 2023 kamfanin Roadchef ya bayyana niyyar rushe zangon matafiya na Watford Gap da ke kan babbar hanyar M1 a Ingila, ya gina sabo mai wuraren cajin motocin lantarki kusan 150. Ni dai na ce a rushe. Ban da tsufa, babu wani tarihi a jikin ginin nan.

Hajiya: Haba Injiniya! Wurin da ya fara aiki ranar 2 ga Nuwamba 1959, rana ɗaya da hanyar kanta, shi kake cewa ba shi da tarihi? A shekarun 1960 makaɗa irin su Beatles da Rolling Stones nan suke yada zango tsakar dare in sun taso daga wasa. Lokacin sunansa Blue Boar.

Injiniya: Ranki ya daɗe, ai ƙwai da dankali suka zo ci, ba kallon bango ba. Kuma ranar buɗewar da kike magana, ginin ma bai kammalu ba, a rumfunan wucin gadi aka sayar da abinci.

Baba Direba: Ku bar ni in sa baki, ni da nake jan babbar mota. Doka ta ce in ka yi tuƙin awa huɗu da rabi, dole ka huta minti 45. Abin da direba ke nema a wannan hutun shi ne filin ajiye mota, banɗaki mai tsabta, ruwan wanka, shayi mai zafi. Wanda fitsari ya matse ba ya tambayar shekarar da aka yi gini. Ga masu motar lantarki kuma, shan fetur minti biyar ne, caji kuwa sai ka share rabin awa a zaune. To ina za su zauna?

Hajiya: Baba, ban ƙi ta taka ba. Amma dubi hasumiyar zangon matafiya na Forton a kan babbar hanyar M6. An buɗe ta 1965, an rufe ta 1989, duk da haka a 2012 gwamnati ta sa ta cikin gine-ginen da doka ta hana a taɓa.

Ɗalibi: Mama, wannan misalin ai Injiniya kika taimaka wa. Hasumiyar tana tsaye, amma matafiyi ba ya hawanta. Ni a ganina abin tarihin shi ne kwazazzabon kansa, wato ratar da ke tsakanin tuddai wadda zangon ya samo sunansa daga gare ta: tsohuwar hanyar Rumawa ta Watling Street, mashigin ruwan Grand Union, layin dogo da M1, duk a nan suka matsu suka wuce. Wannan kam katafila ba ta iya rushe shi.

Hajiya: Kai yaro, da kai aka haɗa baki ke nan? To ko gadar masu tafiya a ƙasa su bar mana.

Injiniya: Hajiya ta sauko daga gini zuwa gada. Baba, ka zama shaida.