Shin Annabcin Ƙarshen Zamani Ya Riga Ya Cika?

Ɗalibin tauhidi:
Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Da'awata ita ce, annabcin da ke cikin Matiyu sura 24 ya cika tun shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu. Yesu ya nuna ginin Haikali ya ce ba za a bar dutse a kan ɗan'uwansa ba, a aya ta 34 kuma ya ce zamanin nan ba zai shuɗe ba sai dukan waɗannan abubuwa sun faru. Yahudawa sun yi wa Romawa tawaye a shekara ta 66, bayan shekara huɗu Titus, shugaban yaƙin Romawa, ya kewaye Urushalima da sojoji, ya ƙone Haikalin, wato kimanin shekara 40 bayan maganar Ubangiji, lokacin da wasu daga cikin waɗanda suka ji ta da kunnensu suna raye. Josefus, Bayahude marubucin tarihi wanda ya ga yaƙin da idonsa, ya rubuta labarin yunwar da ta addabi birnin, Yusibiyus marubucin tarihin ikilisiya kuma ya ce masu bi sun gudu zuwa Fella a hayin Urdun. Ashe ba gudun da Luka 21:20-21 ya umarta ke nan ba?

Dattijon ikilisiya:
Ɗana, a kan rushewar Haikali ban ja da kai ba, domin har yau a birnin Roma akwai ƙofar tunawa da nasarar Titus, an sassaƙa sojoji a jikinta ɗauke da alkukin Haikali mai rassa bakwai. Amma almajiran ba tambaya ɗaya suka yi ba. A aya ta 3 sun tambayi lokacin rushewar, sun kuma tambayi alamar zuwan Yesu da ta ƙarshen zamani. Ka amsa ta farko, ka bar ta biyu. Yaushe dukan kabilun duniya suka ga Ɗan Mutum yana zuwa a kan gajimare, kamar yadda aya ta 30 ta faɗa?

Ɗalibin tauhidi:
Baba, zuwa a kan gajimare harshen annabawa ne na hukunci. Ishaya 19:1 ya ce Ubangiji yana zuwa Masar a kan gajimare, ba wanda ya gan shi da ido, amma hukuncin ya sauka. Haka lambar 666 ta Wahayin Yahaya: idan aka rubuta sunan Kaisar Niro, sarkin Roma, da haruffan Ibrananci aka haɗa lissafinsu, ita ake samu.

Mai bishara:
Ɗan'uwa, Niro ya mutu a shekara ta 68, Ireniyus kuwa, ɗaya daga cikin shugabannin ikilisiya na dā, ya shaida cewa Yahaya ya ga wahayin a ƙarshen mulkin Domitiyan sarkin Roma, wajen shekara ta 95. Idan haka ne, littafin ba zai yi annabcin rushewar Haikali da ta riga ta wuce da shekara 25 ba. Sai dai zan ba ka gaskiyarka a wuri ɗaya: mu masu jiran cikar annabci mun sha jawo wa bishara abin kunya da sa ranar dawowar Almasihu. Mabiyan William Miller, wani mai wa'azi a Amurka, sun jira a 1844, Harold Camping na Amurka ya sa 21 ga Mayu 2011, duka ranakun sun zo sun wuce, alhali aya ta 36 ta ce ba wanda ya san ranar sai Uba.

Shugabar zumuntar mata:
'Ya'yana, ni ban yi makarantar tauhidi ba, amma ina da tambaya. Ranar da muka binne maigidana, ƙasa ta jiƙe da ruwan sama har tana manne wa shebur, fasto ya buɗe 1 Tasalonikawa 4:16 ya karanta cewa matattu cikin Almasihu za su fara tashi. Da wannan aya na iya komawa gida da ƙafata. Ɗana, idan komai ya cika, ka faɗa mini ko ita ma ta cika. Bulus ya tsawata wa Himinayas da Filitas a 2 Timoti 2:17-18 domin sun ce tashin matattu ya riga ya wuce, ya ce suna rushe bangaskiyar waɗansu. Kuma duk lokacin da muka ci Jibin Ubangiji, ana karanta mana cewa muna shelar mutuwarsa har ya dawo.

Ɗalibin tauhidi:
Mama, Allah ya ƙara miki ta'aziyya. Na yi gaggawa da na ce dukan surar, kuma ba zan taɓa cewa tashin matattu ya wuce ba. Ina jiransa tare da ke. Abin da nake riƙe da shi shi ne daga aya ta 4 zuwa ta 34. Baba, idan zamanin nan ba mutanen da ke tsaye a gaban Yesu ba ne, me ya sa a Matiyu 23:36, inda ya faɗi kalmar ga malaman Attaura da Farisiyawa, dukanmu muka yarda su yake nufi?