Yankari da duwatsun Shere a tafiya guda, zai yiwu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Maraɗi nake. Watan gobe zan tafi Kano sarin kaya, kuma zan samu 'yan kwanaki kafin a yi lodi. Na daɗe ina marmarin ganin giwayen gandun dajin Yankari na jihar Bauchi da idona, in shiga ruwan Wikki mai ɗumi, sannan in hau duwatsun Shere kusa da Jos.

Inda na maƙale shi ne hanya. Daga Bauchi akwai motar haya har ƙofar gandun, ko sai shata? Kuma an ce da damina ciyawa na rufe dabbobi, sai rani suke taruwa bakin kogin Gaji. To in haƙura da Jos ne, ko in ɗaga tafiyar? Wanda ya taɓa zuwa, don Allah ya taimaka mini.