Me zan ba mai jego a madadin kunun kanwa?

Salamu alaikum iyayena da 'yan uwa mata. Ƙanwata ce ta haihu nan Tahoua, tana fama da ƙarancin jini, ga kuma hawan jini tun tana da ciki. Ungozoma a likita ta ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta hana ta kanwa, ta ce gishirin cikinta na wahalar da zuciya. Uwar mijinta kuwa ta kafe, wai ba kunun kanwa ba nono, har a yi arba'in.

Muna ba ta zogala, wake da hanta idan an samu, an daina shayi bayan abinci tunda yana tare ƙarfen jini. Nonon dai bai wadata ba. Kunun gyaɗa zai isa? Kuma da wane lafazi za a shawo kan tsohuwar ba tare da ta ji an raina ta ba?