Hotunan da na ɗauka ƙarƙashin ruwa a Obhur duk sun fito shuɗi, kyamarar ce ko ni ne?

Ɗan Karantina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah waɗanda suka san harkar nutso a teku ku ba ni shawara. Shekarata shida a Jidda amma iyakata da teku in je Kornish in zauna in sha shayi in kalli ruwa, to Juma'ar da ta wuce wani abokin aikinmu ɗan Masar ya ja ni Obhur, bakin tekun nan na arewacin Jidda, muka yi nutson gwaji ɗin nan da malami ke riƙe da kai, aka goya min silinda muka sauka kamar mita 8 ko 9. Wallahi ban taɓa zaton haka cikin Bahar Maliya yake ba, ni da a kududdufin bayan gari na koyi iyo a Kano. Murjani wani kamar ƙahon barewa wani kamar ƙwaƙwalwar rago, ga wasu ƙananan kifaye ruwan lemo sun yi dandazo a kai sai ka ce farin ɗango.

Matsalar ita ce GoPro ɗin da na aro. Duk hotunan sun fito shuɗi-shuɗi kore-kore, kifin ma can nesa kamar ƙuda. Na tura wa Hajiyarmu a WhatsApp ta ce wannan hayaƙin mene ne. To wace kyamara zan saya mai fitar da kala? Na ɗan tara kuɗi. Ina so in koma ranar Juma'a da safe in sake gwadawa, da la'asar kuma mu haura Ɗa'if da iyali mu kwana can.

Baban Hanifa:
Wa alaikumussalam ƙanena. Ka riƙe riyalolinka tukuna, kyamarar ba ta da laifi. Ruwa ne yake shanye kala ɗaya bayan ɗaya, ja ne ke fara tafiya tun wajen mita 5, sai ruwan lemo, sai rawaya, shuɗi ne kawai ke jurewa zuwa can ƙasa. Idonka ma bai ga jan nan yadda kake zato ba, ƙwaƙwalwa ce take cike maka giɓin, ita kuwa kyamara ba ta iya kara ba abin da ta gani shi za ta ba ka. Ni ranar da na fara yankewa a yatsa a mita 18 a nan Yanbu, jinin baƙi-baƙi kore-kore na ga yana fita, na tsorata ba kaɗan ba.

Na biyu kuma ka yi nisa da abin da kake ɗauka. Tabarau na ruwa yana nuna maka abu ya fi girmansa da kusan kashi ɗaya cikin uku kuma kamar yana kusa, sai ka ɗauka ka iso alhali da saura. Hasken kuma ba daga sama zuwa ƙasa kawai yake rasa kala ba, har tsakaninka da kifin ma ruwa ne. Ka matsa har abin ya zama bai wuce tsawon hannunka ba, rana tana bayanka, ka ɗan yi ƙasa da shi ka ɗauka kana kallon sama maimakon ka riƙa ɗaukar ƙeyar kifi daga bisa. Jan filta na ɗan taimakawa in ruwan ba zurfi, fitila ta fi shi amma ita ma haskenta bai wuce mita ɗaya zuwa biyu ba. Sannan ka sani GoPro tsirara iyakarta mita 10, in za ka wuce sai da gidanta.

Amma gaskiyar da ba za ka so ji ba, wanda bai iya tsayuwa cik a tsakiyar ruwa ba ba zai ɗauki hoton kirki ba ko kyamarar miliyan ce a hannunsa. Ka yi kwas na farko na PADI ko SSI, ƙungiyoyin da ke koyar da nutso su ba da takarda, za su sa ka iyo mita 200 ka kuma yi minti 10 a saman ruwa ba ka riƙe komai ba, sannan nutso 4 a teku, takardar ta ba ka damar mita 18. Ruwan nan namu kuma ya fi yawancin tekuna gishiri, yana tunkuɗo mutum sama, dole a ƙara maka dalma a ɗamara. Sai ka yi nutso ashirin haka hannunka ba komai, ka koyi hawa da sauka da numfashinka kaɗai, kafin ka ɗauki kyamara. Na sha ganin sabon shiga ya ƙura wa allo ido yana harbin murjani da takalmin agwagwa a baya bai ma sani ba, abin da ya ɗauki shekaru yana girma.

Maman Amir:
Tsaya tukuna, kowa na ta maganar hoto ni layinka na ƙarshe ne ya tsaya min a rai. Nutso da safe, Ɗa'if da la'asar? A'a wallahi kar ka fara. Ni nas ce a nan Makka. Iskar cikin silindar nan ba oksijin zalla ba ce, iskar da muke shaƙa ce aka matse, mafi yawanta naitirojin, kuma a ƙarƙashin ruwa yana narkewa ya shiga jini da tsoka. In ka fito yana buƙatar lokaci ya fice a hankali. In ka hau wuri mai tudu da wuri sai ya yi kumfa a jiki kamar ka jijjiga kwalbar lemo ka buɗe, daga ciwon gaɓɓai har shanyewar jiki. Ɗa'if ta haura mita 1,800, ta hanyar Hada kuwa cikin ɗan lokaci kaɗan ka hau. Ƙa'idar da ake bi wajen hawa jirgi ita za ka bi, aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in ka yi fiye da ɗaya, masu hankali ma kwana guda cur suke bari. Ka fara zuwa Ɗa'if ɗin ka dawo ka huta sannan ka shiga ruwa.

Kuma tunda mu ne, dole in faɗa: ka san rukunin jininka? Mai sikila SS ba shi ba nutso da silinda. AS ma ya ga likita tukuna. Haka mai asma da mai farfaɗiya. In kana mura ka haƙura, kunne ba zai buɗe ba za ka fasa dodon kunnenka a banza. Kar ka ɓoye komai a fom ɗin lafiyar nan don kawai a bar ka ka shiga.

Ɗan Mai Wurno:
Anti ta gama magana. Ni abin da zan ƙara, kar ka taɓa riƙe numfashi kana haurowa. Masu hoto suna da wannan ɗabi'ar don kar kumfa ya kori kifi, alhali iskar da ka shaƙa a mita 10 ninki biyu take zama a sama, huhu kuwa ba balan-balan ba ne.

Na yi aiki a jiragen masu nutso a Fot Sudan kafin yaƙin nan na 2023 ya tarwatsa komai na tsallako nan. Ba don garinmu ba ne, amma wanda bai ga Sanganeb ba da saura. Hasumiyar fitila ce tsaye a tsakiyar teku, murjani ya zagaye ta sannan ya yanke ya faɗa ƙasa kamar katanga, UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2016. Ga Umbria dab da tashar jiragen ruwa, jirgin Italiya da kyaftin ɗinsa ya nutsar da gangan a Yunin 1940 don kar Ingilishi su ƙwace kayan ciki, har yau yana kwance ta gefe da bama-bamansa a jere da motocin Fiat guda 3 a ciki. A Sha'ab Rumi kuma nan Bafaranshen nan Jacques Cousteau ya gina gidaje a ƙarƙashin ruwa a 1963 mutanensa suka yi wata guda a mita 10, ragowar garejin ƙaramin jirginsu na ƙarƙashin ruwa yana nan murjani ya lulluɓe shi.

Maganar filta kam ni da Yaya Baban Hanifa mun ɗan saɓa, ni ban ga amfaninsa ba, duhu yake ƙara wa hoto, in ka manta ka hauro da shi kuma komai ya koma ja kamar an zuba manja. Gara ka gyara kalar a waya daga baya. Abin da ya fi kashe kyamara kuma ba zurfi ba ne, robar nan ce ta bakin gidan kyamarar. Wani baƙo da na taɓa rakawa ya rufe nasa cikin gaggawa, gashi ƙwaya ɗaya tak ya maƙale a robar, muna mita 12 na ga ruwa na taruwa a gilashin kamar hawaye, kafin mu hauro ta gama aiki. Ka duba robar a haske, ka rufe a ɗaki mai AC kar ka rufe a rana don kar ya yi gumi, ka tsoma a bokiti ka ga ko kumfa zai fita. In ka fito kuma ka jiƙa shi a ruwan daɗi kafin gishiri ya bushe a maɓallan.

Na Shara Mansur:
Ku dai Allah ya ba ku lafiya. Ni tambayata ɗaya, babu kifin nan mai cin mutane a wurin? 😂 Ni ko kifin Bangala sai an soya nake kusantarsa.

Ɗan Mai Wurno:
Akwai su mana, ƙirshi, har mai kan guduma, Turawa kuɗi suke biya su zo su gan su kuma sau da yawa kifayen ne ke gudunka. Wanda za ka ji tsoro shi ne wanda ke kwance kamar dutse da dafi a ƙayar bayansa, da murjanin wuta mai ƙuna kamar ka taɓa garwashi. Shi ya sa ake cewa hannunka a ƙirjinka.

Ɗan Karantina:
Kai jama'a Allah ya saka da alheri. Anti kin cece ni wallahi, da yanzu na ɗebi yara a mota mun hau Hada ban san komai ba. AA ne ni, an gwada mu kafin aure. Na mayar da nutson zuwa sati mai zuwa, kuɗin kyamarar kuma kwas zan biya da su. Yaya Baban Hanifa tambaya ɗaya ta rage, ina da gemu da gashin baki kuma ruwa ya yi ta shigar min tabarau ta ƙarƙashin hanci, dole sai na aske?

Baban Hanifa:
Gemu ba ruwansa, bar abinka. Gashin bakin ne, ka rage layi ɗaya siriri daidai ƙasan hanci ka shafa ɗan man silikon, kuma ka daina ɗaure igiyar tamau, matsewar ce ma take ƙara sa shi yoyo.